Kofi Ɗaya Saboda Gareji

A unguwarmu, can kudu maso gabashin birnin Portland, in ka ga mota tana kwana a bakin titi cikin ruwan sama alhali gidan yana da gareji, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Tukunyar giya ce ta kore ta. Mu haka muke. Sai ka ga ƙato da gemu har ƙirji, ko ƙwai bai iya soyawa ba, amma ka kuskura ka tsaya kusa da shi, sai ƙafarka ta yi tsami yana maka bayanin yadda ake jiƙa tsiron sha'ir.

Tobin Haugland namu ne, kuma ciwon nasa ya fi na kowa nisa. Gyaran kekuna yake yi a wani shago, amma wannan don a ci abinci ne kawai. In ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara tsayuwa ya ce shi mai dafa giya ne. Da mahaifiyarsu ta gaji da ruwan sama ta koma Arizona, ta bar musu gidan shi da yayarsa Marnie, ta ce su raba komai daidai. Marnie ta ɗauki babban ɗaki. Tobin ya ce a ara masa gareji na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan har ya yi wayo ya isa shiga makaranta.

Abin da ke hannunsa kuwa furen hof ne, wannan ɗan koren furen mai danƙo da ake zuba wa giya ya ba ta ɗaci da ƙamshi. Mutanen kirki ɗan kaɗan suke sawa. Mu a ƙungiyarmu ta masu dafawa a gida, da hannu biyu muke ɗiba, Tobin kuma da bokiti.

Ranar da rigimar ta tashi, yana zaune a kicin yana cin biredi da man gyaɗa, sai Marnie ta shigo da rigar aikinta ta asibitin haƙori, ta ajiye masa wani koren abu mai laushi a gefen faranti.

"Mene ne wannan kuma?"

"Gansakuka. Daga tagar motata na ɓamɓaro ta. Tobe, motata ta fara noma."

"Ai ado ne. Mutane kuɗi suke biya a yi musu irin wannan a lambu."

"Jiya da na buɗe ƙofa dodon koɗi na tarar a kan kujera. Ya riga ni shiga, saura kaɗan ya tambaye ni ina muka nufa." Ta ja kujera ta zauna. "Ina son garejina. To, rabin garejina, amma mota ba ta shiga rabi."

Tobin ya ajiye biredi. Ya fara kawo mata hujjoji: giya tana son inuwa, tana son sanyi daidai, ba a motsa ta in tana tsima, kuma wata rana, in duniya ta san shi, wannan garejin har hoto za a riƙa zuwa ɗauka.

"Wa ke shan giyar taka?" in ji Marnie.

"Kowa!"

"Abokinka Lyle ba kowa ba ne. Lyle ko ruwan batir ka ba shi sai ya ce a ƙaro." Ta dube shi irin kallon da take yi wa masu cewa suna goge baki sau biyu a rana. "Ga magana ɗaya. Ka dafa giya wadda mutum irina zai iya shan kofi guda har ƙasa. Kofi ɗaya tak. In na shanye, garejin naka ne, bakina ya mutu. In na kasa, ka kwashe tukwanenka kafin sanyi ya shigo."

"Ai sai ki ƙi sha da gangan."

"Ka taɓa ganin na yi maka maguɗi?"

Bai taɓa gani ba, abin haushin ke nan. Marnie irin mutanen nan ce da in mai kanti ya yi mantuwa ya ƙara mata tumatir ɗaya, sai ta juya da mota ta mayar. Suka tafa. Tobin har yana tausaya mata a ransa, baiwar Allah, ba ta san da wa ta ƙulla ba.

Da yamma ya kira Lyle Brandvold, amininsa, mai raba wasiƙu, dogo siriri mai jan gemu, wanda bai taɓa kiransa da sunansa ba sai Farfesa. Suka tsaya gaban bangon gareji, inda Tobin ya shafa baƙin fenti yake rubuta tsarin kowace giya da alli.

Kuma a yi masa adalci, Tobin ya san abin. Ba jahilci ne ya kashe shi ba. Ya goge bango da hannun riga, ya fara zayyana wa Lyle kamar Lyle bai sani ba: furen da aka zuba tun farkon tafasa, ya daɗe yana shan wuta, shi ke haifar da ɗaci. Wanda aka zuba bayan an kashe wuta, ƙamshi kawai yake bayarwa. Saboda haka a farko za a sa ɗan mitsitsi, abin da bai cika tafin hannu ba. Sauran duk a ƙarshe, sannan a ƙara wani in ta fara tsima. Sha'ir mai haske, a haɗa da alkama don ta yi laushi a maƙogwaro. Yis ɗin da zai sa ta tsima kuwa, mai barin ɗan zaƙi a baya.

"Za ta kai hanci ta ji kamar ta faɗa cikin kwandon mangwaro," in ji Tobin. "Ta kurɓa ta ji kamar ana shafa mata kai."

Lyle ya daɗe yana kallon bangon yana sosa gemu.

"Farfesa."

"Na'am."

"A kwalbar jarirai za ka zuba mata, ko a kofi?"

"Ka ga, ban son iskanci."

"A'a, tambaya ce. Don in ta jarirai ce, ƙanwata tana da su, har da mai hoton agwagwa." Ya nuna layin farko da yatsa. "Wannan ɗan abin da ka rubuta a nan, ni fa in na yi atishawa a kan tukunya sai in zuba fiye da shi daga gemuna."

"Gareji nake nema, Lyle, ba yabonka ba."

"Ai shi ke nan. Ni dai in 'yan ƙungiya sun tambaya, zan ce ban san ka ba."

Maganar nan ta shiga, ta sami wuri ta zauna. Tobin ya yi dariya, amma irin dariyar da ba ta wuce haƙora.

Lokacin girbin hof ne, don haka da Asabar ta zo suka yi sammako zuwa kwarin Yakima a tsohuwar motar Lyle, don ɗanyen fure ba ya jira, in an tsinke shi sai tukunya kafin ya yi yaushi. A rumfar gonar suka tarar da irinmu cike, kowa ya ɗebi fure yana murzawa tsakanin tafin hannu har ya yi ɗumi, sannan ya kifa hanci ciki ya lumshe ido. Daga nan sai ƙarya ta fara. Wannan ya ce ɓawon lemu yake ji. Wancan ya ce abarba da aka yanka jiya. Wani mai tabarau ya shaƙa ya ce, cikin girmamawa, akwai ɗan fitsarin kyanwa a ƙarshe, sai kowa ya gyaɗa kai, har aka fara rububin wannan buhun. In ba ka cikinmu ba za ka gane ba, amma yabo ne.

Tobin ya murza, ya shaƙa, ya zaɓi mai ƙamshin mangwaro da mai ƙamshin lemu, ya kama kansa kamar mutumin da ya tuba. Sai da suka zo loda kaya ya ga wani ƙarin buhu a bayan mota, na irin furen nan mai ƙarfi da ba a nemansa sai don ɗaci.

"Wannan fa?"

"Nawa ne," in ji Lyle. "Rakiya ya yi mana. Ko kallonsa kada ka yi."

Washegari aka hura wuta a bakin gareji. An jiƙa sha'ir a ruwan zafi, an tace, ruwan zaƙin ya shiga babbar tukunya, tururi ya cika unguwa da ƙamshi kamar ana gasa biredi. Da ya fara tafasa, Tobin ya auna ɗan mitsitsin furensa a sikeli, ya zuba. Ya ɓace a cikin tukunyar kamar ba a yi ba. Lyle yana zaune a kan bokitin da aka kife, buhunsa a tsakanin ƙafafu. Hannu kawai ya ɗaga ya yi wa furen bankwana.

Da aka jima Tobin ya ɗebo kaɗan a cokali, ya hura, ya ɗanɗana. Ya tsaya. Ya sake ɗanɗanawa.

Babu komai. Zaƙi kawai, kamar ruwan alewa.

"Ɗanɗana ka ji," ya miƙa wa Lyle.

Lyle ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye. "Madalla. Saura biskit."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Farfesa, ko Marnie ai ba za ta sha shayi ka ce mata giya ba ce. Zaƙin zai ginshe ta tun a rabi. Ɗaci ne ke riƙe giya ta tsaya da ƙafarta, kai ka koya min."

Shi ya koya masa kuwa. Kuma maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta yi daɗin haɗiya. Tobin ya kalli bango, ya kalli buhu. Ya ce hannu ɗaya, don daidaito kawai. Ya zuba. Suka ba shi lokaci ya dahu, ya ɗanɗana. Har yanzu shiru. Ya ce wataƙila ɗanyen fure ne, ruwa ya yi masa yawa, ba shi da ƙarfin busasshe, wanda shi ma gaskiya ne. Ya zuba hannu biyu. Da yake sabon zubi yana bukatar nasa lokacin a wuta, aka ƙara wa tafasa tsawo. Da aka ƙara tsawo, Lyle ya ce tunda wutar tana ci a banza, ai asara ce a bar ta haka.

Ba wanda zai iya gaya maka lokacin da buhun ya zama fanko. Tobin dai ya tuna ya ga Lyle yana kakkaɓe shi a kan tukunya, ya kuma tuna cewa a ɗanɗanon ƙarshe ya ji wani ɗan abu can nesa, a bayan harshe, yana ɗaga masa hannu. Ya ce yawwa, daidai ke nan, ɗan kaɗan yadda mace za ta so. Ya kashe wuta, ya zuba na mangwaro da na lemu yadda bango ya ce, don shi mutum ne mai bin tsari.

Suna cikin sanyaya tukunya Marnie ta leƙo da kofin shayinta. Ta shaƙi tururin, ta ƙifta ido.

"Wannan tawa ce?"

"Taki ce. Laushi kamar auduga."

"Tobe, daga nan idona yake yaji."

"Tururi ne."

"Buɗe bakinka."

"Me?"

"Buɗe, in ga harshen." Ya buɗe kafin ya yi tunani, don tun suna yara in ta ce buɗe sai ya buɗe. Ta leƙa. "Ni kullum cikin bakin mutane nake yini. Na san mai shan taba, na san mai tauna ƙanƙara. Kai harshenka ya mutu. Ka jiƙa shi a ɗaci shekara da shekaru har ya daina kai ƙara. Kai da wannan dogon."

"Ina wuni, Marnie," in ji Lyle.

"Harshena?" Tobin ya dafa ƙirji. "Harshen da ya gane mangwaro a cikin fure jiya?"

"Hanci ke nan. Harshe na ce."

Da ya yi shiru a nan, da labarin ya canza. Amma Tobin bai taɓa ganin rami ya kewaye ba. Ya ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa a kotu, ya ce daga yau har ranar da za a buɗe giyar nan, ko ɗigon abin da hof ya taɓa ba zai shiga bakinsa ba. Ko ita wannan ɗin ba zai ɗanɗana ba. Zai hutar da harshen tas, ranar kuma ya sha a gabanta, ta ga cewa abin da ya ji yau shi zai ji ranar, don harshen gwani ba ya canzawa.

"Farfesa," Lyle ya ce a hankali, "ba a yin haka fa."

"An fara daga yau."

Makonnin da suka biyo baya Tobin ya sha wahala irin ta mai gaskiya. In mun taru a ƙungiya, kowa da kofinsa, shi da ruwan kwalba, muna yi masa jaje. Giyar tana can cikin tulunta a kusurwar gareji tana ɓulɓul, shi kuma ya zauna kusa da ita yana saurare kamar mai jinya. In lokacin dubawa ya yi, Lyle ne ke ɗanɗana masa.

"Yaya?"

"Lafiya lau. Ba ta cizo, ba ta harbi. Da ni ne da na ƙara, amma tunda ta yara ce."

Wasu abubuwa sun fara faruwa da shi waɗanda bai ba su muhimmanci ba. Wata safiya ya kurɓi baƙin kofi irin wanda yake sha kullum, ya ji an canza, ya yi wa yarinyar shagon ƙorafi cewa sun ƙona shi. Ta ce shi ne dai na jiya da shekaranjiya. Ya faki ido ya zuba sukari. Wata rana ya ci karas ya tsaya yana mamakin wanda ya sa masa zuma. Ya ce a ransa lallai bana an yi damina mai kyau.

Ranar ta zo, Lahadi da rana, ana yayyafi. Tobin da kansa ya gayyace mu, don yana son shaidu. Muka cika garejin, aka kunna gasa tsiran alade a ƙarƙashin rufin ƙofa, wani ya kawo kifin da ya kama ya kyafe da kansa. Motar Marnie tana bakin titi, ruwa yana sauka a kanta, har wani ɗan ganye ya leƙo daga gindin madubi.

Tobin ya wanke kofi sau biyu, ya karkata shi, ya tsiyayo. Kai, giyar ta yi kyau. Launin ruwan zuma, kumfa fari tas a sama, ƙamshin kuwa tun daga bakin ƙofa. Ya miƙa wa yayarsa da hannu biyu.

Marnie ta kai hanci. Girarta ta ɗaga.

"Tobe, wannan ƙamshi... mangwaro ne sosai. Kai ka yi wannan?"

"Sha dai, Marnie. Yabon ya jira."

Ta kurɓa.

Ta riƙe shi a baki, ta kalli rufin gareji kamar tana neman wani a can, ta haɗiye. Jijiyar wuyanta ta miƙe. Ta ja numfashi, ta sake kurɓa, babba wannan karon, irin na mai son a gama. Idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki tsiran alade ta gatsa, ta sake gwadawa a kansa. Mu duka mun ga ta yi iya yinta, don har ta toshe hanci ta yi na huɗu. Kofin bai sauka ko kwata ba. Ta ajiye shi a kan teburin aiki, a hankali, kamar abin da zai iya fashewa.

"Na so in shanye," ta ce, muryarta a shaƙe. "Na rantse na so. Na ga yadda kake zama kusa da tulun nan."

"Haba!" Tobin ya daka tsalle. "Haba, Marnie! Wannan? Wannan da ko jariri... Lyle, gaya mata!"

"Ruwan sanyi ce," in ji Lyle, yana kan kofi na biyu.

"Kin ji! Wasa kike min. Tun farko kin shirya!"

Wannan ta taɓa ta. Marnie za ta yafe maka komai ban da ka ce ta yi maguɗi. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki kofin, ta cika shi da kanta har baki, ta tura masa.

"To. Na sauƙaƙa maka. Ni na faɗi, amma ga wata dama. Kai ka shanye. Har ƙasa, ina kallon fuskarka. In ba ta motsa ba, garejin naka ne har ka tsufa."

Garejin ya kaure da ihu. Wani ya ce an ba kifi aikin iyo. Tobin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, har ya ɗan rusuna wa jama'a. Ya ɗaga kofin ya ce, "Don gareji." Ya kafa kai ya yi kurɓa uku manya a jere, yadda ya saba.

Na farko mangwaro ne. Na biyu ma ya fara da mangwaro.

Sannan abin ya iso.

Bai zo ta gaba ba, ta baya ya zagayo, daga can gindin harshe, ya kama maƙogwaro ya murɗe. Kamar ya tauna ƙwayar magani tare da ɓawon maɗaci, ya kora da ruwan da aka wanke tsohuwar sarƙar keke. Harshensa, wanda ya yi makonni yana hutawa yana cin karas, ya farka ya tarar an cinna wa gida wuta. Ya nemi hanyar fita. Haƙora suka ji, kunnuwa suka ji, har gashin hannunsa ya miƙe.

Abu na farko da ya zo masa shi ne giyar ta lalace. Ya saci kallon Lyle. Lyle yana lasar kumfa a gemu cikin kwanciyar hankali. Ya kalli sauranmu, kowa yana sha yana gyaɗa kai, mai cewa abarba yana cewa abarba. Ba ta lalace ba. Haka take. Haka dukkansu suke, tun ta farko.

Sai fuskoki suka fara zuwa masa, yana tsaye da kofi a hannu. Tsohuwar maƙwabciyarsu da ya kai wa kwalba shida ranar Kirsimeti, ta kurɓa ta ce, "Kai, wannan tana da hali," ta tafi kicin da kofin ta dawo da shi fanko cikin ƙiftawar ido. Maigidansa na shagon keke, wanda tun daga kwalbar farko ya ce likita ya hana shi. Wata yarinya da ya so ƙwarai, ya gayyato garejin nan, ta sha rabin kofi ta tuna ta bar murhu a kunne. Har yau ba ta gama kashe shi ba.

"Fuska, Tobe," in ji Marnie. Ta matso kusa, ta harɗe hannu, tana duban sa kamar ya kwanta a kujerar asibitinsu.

Ya riƙe. A ba shi wannan, ya riƙe. Ya daskarar da kumatu, ya buɗe ido tar, ya sake ɗaga kofin. Kurɓa ɗaya. Ya tuna inuwar garejin, da bangon allinsa, da ƙugiyoyin da ya kafa da hannunsa. Kurɓa biyu. Kofin ya sauka rabi. Ƙasan kofin yana can nesa kamar ƙasan rijiya.

"Ja, Farfesa!" Lyle yana buga bokiti. "Ja! Ai ruwa ne!"

Idon hagu ne ya fara cin amanarsa. Ya soma rawa shi kaɗai. Tobin ya ce masa tsaya, ya ƙi. Leɓen sama ya ga ido ya samu 'yanci, shi ma ya ɗage. Hanci ya tattare. Kafin ya kai kofin baki karo na gaba, fuskar gaba ɗaya ta dunƙule wuri guda kamar tsumman da aka matse, wani sauti ya fito masa wanda ba kalma ba ne, hawaye biyu suka gangaro cikin gemu.

Tsiran alade yana ta tsuwa a kan wuta.

Ya ajiye kofin kusa da inda Marnie ta ajiye ɗazu. Ya nemi ruwa, ta miƙa masa tun kafin ya tambaya, don ta zo da kwalbarsa a aljihun riga. Ya kuskure baki. Da ya samu magana ta dawo, Lyle ya fara duba.

"Kai... wannan kake sha?"

"Me ya same ta?" Lyle ya ɗauki ragowar kofin, ya shanye a zuƙa ɗaya, ya lashi leɓe yana nazari. "In ka tambaye ni, a farkon tafasa ne ka yi rowa."

Marnie ta yi dariya har ta zauna a kan buhun sha'ir. Tobin ya so ya yi fushi, ya duba ko'ina a jikinsa bai samu ba, ɗacin ya cinye wurin. Ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min?"

"Na gaya maka ranar da ka fara. Ka ce harshena ne bai waye ba."

"Na faɗi haka?"

"Har da zane a bango."

Mu muka taya shi kwashe kaya a makon. Tukunya, tuluna, sikeli, duk suka koma barandar baya, ya ɗaura tamfol a sama. Marnie ta kai motar aka kankare mata gonar, ta shigar da ita gareji, ta fito ta tsaya tana kallon ta a bushe kamar ba ta taɓa ganin ta ba. Bangon allin ta bar masa. Ta ce ya riƙa shigowa yana rubutu, amma in alli ya taɓa mata fenti, da shi da bangon duk waje.

Yanzu in ka bi ta bayan gidan ranar Asabar za ka gan shi a ƙarƙashin tamfol, ruwa yana ɗiga masa a wuya, yana auna ɗan mitsitsin fure a sikeli, ya rage fure biyu ya mayar buhu. In ya ɗebo a cokali ba ya kai wa bakinsa. Taga yake ƙwanƙwasawa, Marnie ta leƙo ta ɗanɗana ta ce ya isa, shi kuma ya rufe buhu ya zauna a kai, saboda Lyle.

Mu kuwa a ƙungiya mun zauna a kan maganar, don abin ya girgiza mu. Mun ga da idonmu abin da ya sami ɗan'uwanmu, lafiyayyen mutum, cikin 'yan makonni. Aka tattauna, aka zagaya da kofi, kowa ya faɗi ra'ayinsa. A ƙarshe baki ya zo ɗaya: daga yau ba wanda zai sake hutar da harshensa.